DARASIN ƘUNGIYA: NAƊIN WAINA DA NAMAN TALO-TALO, ABINCIN RANA A GONA

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan fitowa a kan abincin rana ne, watau abin da mutum zai ci sa'ad da rana ta take tsaka, shi kuwa yana cikin fadama, gida ya yi masa nisa. Mun ɗauki misalinmu daga yankin Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, gama abin da ke damun manomi a can shi ne ke damun yawancinmu. A karanta shi a taron ƙungiya, maza da mata tare. Aikin da ke cikinsa ba na mata kaɗai ba ne.

Dā manomin wannan yanki yakan huta in an gama kaka. Yanzu ba haka ba. Tun da noman rani ya kafu a fadamun gulbin Rima, wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya gangara Bunza, balle bayan 2015 sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, aiki ya zama na shekara duka. Ana dashe cikin sanyin hunturu, ana yanka cikin zafin bazara, kafin a numfasa damina ta faɗi.

Mai dashen shinkafa yakan fita tun da asuba da koko ko ɗumame a cikinsa. Kafin ƙarfe 12 wannan ya narke. Wani sai ya daure, ya kora ruwa, ya tauna goro, ya ci gaba da aiki a sanyaye har la'asar, mai gona kuwa ya yi ta mamakin abin da ya sa aikin yini ɗaya ya kwana. Wani kuma sai a ɗora wa mace ko yarinya kwanon tuwo, ta yi tafiyar awa guda cikin rana, ta komo wata awa guda. Yarinyar nan ba makaranta ke nan a ranar. Akwai kuma wanda ke ƙulle sauran abincin jiya a leda, ya rataye a reshe, ya ci da azahar. Wannan na ƙarshe shi muka fi ji wa tsoro. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gaskiya ne, amma sai in ruwan cikin mai kyau ne.

Abin da za mu koya shi ne yadda za a mai da talo-talo guda ɗaya abincin rana na kwanaki, wanda za a haɗa cikin 'yan mintoci a gindin itace, a ci ba tare da ciwon ciki ya biyo baya ba.

WANE TALO-TALO ZA A YANKA?

Mun san abin da waɗansu za su ce: "Talo-talo ai kuɗi ne, wa zai yanka kuɗinsa ya ci a gona?" Suna da gaskiya. Ba mu ce kowa ya bi garkensa da wuƙa ba. Masu kyau a kai kasuwa gab da Kirsimeti da Salla, sa'ad da suke daraja. Amma a kowane garke akwai waɗanda ajiye su hasara ce. Namiji ɗaya ya ishi mata da dama, sauran mazan kuwa faɗa kawai suke yi suna cinye dusa. Akwai tsohuwar mace da ta rage ƙwai. Akwai kuma wanda aka kai kasuwa a watan Disamba bai sami mai saye ba, aka komo da shi, yana ta cin hatsi alhali ya daina girma. Waɗannan su ne na tukunya, lokacinsu kuwa yakan zo daidai da lokacin dashe.

Ga waɗanda ba za a yanka ba ko kusa. Kada a yanka marar lafiya don gudun hasara, kada kuma a ci wanda ya mutu da kansa. Tun watan Fabrairu na 2006, sa'ad da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna, ciwon nan yana tafiya yana komowa a ƙasarmu, yana kuma iya kama mutum. In tsuntsaye suna mutuwa bi da bi, sai a sanar da malamin dabbobi. Wanda ake ba magani kuma, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin takardar maganin su cika tukuna.

Akwai kuma daskararren naman talo-talo da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, ko da yake gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi. Jiharmu tana iyaka da Benin da Nijar, saboda haka ba baƙon abu ba ne a gan shi. Ba wanda ya san sau nawa ƙanƙararsa ta narke a hanya aka sāke daskarar da shi. Wanda ka kiwata a bayan ɗakinka ka san abin da ya ci, ka san ranar da aka yanka shi.

A wuri kamar Dangoma da kewayenta, inda yawancin 'yan gayya da 'yan ƙwadago Musulmi ne, sai a ba maƙwabci Musulmi ya yanka kamar yadda aka saba, domin kowa ya ci da kwanciyar rai.

Namijin talo-talo ɗan gida yakan kai kimanin kilo 5 zuwa 8. Bayan an fige, an cire kayan ciki da ƙashi, an dafa, abin da ya rage na tsoka bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba. Duk da haka nama ne mai yawa, ya fi ƙarfin gida ɗaya a dare ɗaya. A cikin kowane giram 100 na dafaffen naman akwai kimanin giram 29 na abin da ke gina jiki, babban mutum mai nauyin kilo 60 kuwa kimanin giram 50 yake bukata a yini. Ashe ɗan kaɗan ya isa. Abin da ya fi amfani shi ne a ci kaɗan-kaɗan kwana da kwanaki, ba a cika ciki rana ɗaya a yi wata guda ba a ga tsoka ba.

Naɗe naman nan cikin waina kuwa ba sabon abu ba ne a duniya. Asalin talo-talo tsuntsun ƙasar Meksiko ne, mutanen can suka fara kiwonsa, Turawan Sifen kuma suka kai shi Turai bayan shekara ta 1500. Mutanen nan suna da wata waina mai faɗi ta garin masara wadda suke naɗe abinci a ciki tun kakannin kakanninsu. Masara da tumatir da barkono ma daga wancan ɓangaren duniya suka zo mana. A biranenmu yau ana sayar da irin wannan naɗi da sunan shawarma, ana lafta masa mayonis. Wancan na masu firji ne. Namu dole ya jure rana.

ABOKIN GABA SHI NE ZAFI DA LAIMA

Sai mu lura da wannan sashi da kyau, gama a kansa sauran darasin ya tsaya.

Ɗanyen naman kaji da na talo-talo yakan ɗauko ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu ana kiranta Salmonela. Dafuwa sosai tana kashe su, watau in zafi ya ratsa har tsakiyar tsoka ya kai digiri 70. Ba mu da ma'aunin zafi a madafa, amma muna da ido: a tsaga wuri mafi kauri kusa da ƙashin cinya, in akwai ja ko ruwa mai jini-jini, bai nuna ba.

Amma dafuwa ba ita ce ƙarshen magana ba. Bayan nama ya huce, sababbin ƙwayoyi sukan sauka a kansa daga hannu, da wuƙa, da ƙuda, da farantin da aka yanka ɗanyen nama a kai. In suka sami ɗumi da laima, kowace ƙwaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20. A yi lissafin a allo a gaban ƙungiya. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 12 na rana awa 6 ne, watau rabuwa sau 18. Ɗaya ta zama 2, ta zama 4, ta zama 8, a haka a haka har ta wuce 260,000. Daga ƙwaya ɗaya tak ke nan. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, sai ko in yana cikin sanyi ƙasa da digiri 5, ko cikin zafi sama da digiri 60. A watan Maris da Afrilu kuwa zafin ƙasar Gwandu yakan wuce digiri 40. A irin wannan lokaci awa guda ma ta isa.

Waɗansu sukan ce, "Ai na sansana, bai yi wari ba." Hanci ba alƙali ba ne a nan. Abinci yana iya cika da cuta, ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su sāke ba. Waɗansu ƙwayoyin kuma sukan bar dafi a cikin abinci, wanda ko an sāke ɗumamawa ba ya mutuwa. A 2015 hukumar nan ta ba da ƙiyasi cewa a Afirka kaɗai mutum fiye da miliyan 91 ke kamuwa da ciwo kowace shekara ta wurin gurɓataccen abinci, 137,000 kuma suna mutuwa. Ƙananan yara su ne suka fi shan wuya. Ga manomi kuwa, kwana uku a kwance lokacin yankan shinkafa yana nufin tsuntsaye da zubewa sun raba gonar da shi.

To, ba mu da firji a fadama, ba kuwa za mu yi ta hura wuta har azahar ba. Zafin rana ba mu da iko a kansa. Amma laima muna da iko a kanta. Ƙwayoyin nan ba su iya yaɗuwa a busasshen abu. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a ƙera madubin likita, shi ya sa suka yi kilishi da dambun nama domin matafiya. Dabarar darasinmu duka ita ce: a busar da naman, a tafi da busasshe dabam, mai laima dabam, kada su gamu sai lokacin ci.

AIKIN YAMMA: DAMBUN TALO-TALO

Abincin nan mai sauri ne da rana domin an sha wahalarsa da yamma. Wanda ya ce zai yanka talo-talo da asuba ya kai gona kafin hantsi, sauri zai haifar masa da nawa.

A yanka da la'asar. A fige, a gyara nesa da inda ake ajiye kwanonin ci. A binne gashi da hanji. A wanke wuƙa da faranti da hannu da sabulu kafin a taɓa wani abu. Wuya, da fukafukai, da ƙundu, da hanta, da ƙasusuwa su ne farfesun daren nan. A nan muna roƙon masu gida: a fara zuba wa yara da mata masu ciki da masu goyo. Hanta musamman tasu ce, gama tana ƙara jini. Al'adar da ke ba maigida tsoka, yaro kuwa ƙafa da kai, ba ta taimaki kowa ba.

Ƙirji da cinyoyi su ne na dambu. A yayyanka su manya-manya, a zuba a tukunya da albasa manya 3, da citta, da tafarnuwa, da gishiri, da ruwa daidai wanda zai rufe naman. A bar shi ya yi ta dahuwa har ya yi laushi, cokali yana ratsa shi. Tsohon talo-talo yana da tauri, yakan ci itace fiye da kaza, kada a gaji. In romo ya yi saura a juye shi cikin farfesu, kada a ajiye shi ya kwana. A ƙafar talo-talo akwai waɗansu jijiyoyi masu tauri kamar tsinke. A zare su duka tun naman yana da ɗumi, gama suna iya maƙale wa yaro a wuya.

Sai a zuba tsokar a turmi mai tsabta a kirɓa a hankali har ta warware ta zama zare-zare. A ɗora kasko mai faɗi, a zuba man gyaɗa ludayi 3 ko 4, a zuba naman, a rage wuta, a yi ta juyawa. Nan ne aikin yake. Da fari zai yi ta tururi. Muddin tururi yana tashi, akwai sauran ruwa. A ci gaba har tururi ya ɗauke, naman ya yi ja-ja, ya yi sako-sako, yana ƙara a kasko kamar yashi. Naman ƙirjin talo-talo ba shi da kitse sosai, saboda haka yana bushewa da kyau, dambunsa kuma ba ya saurin yin ɗoyin mai. A barbaɗa yaji, a juya, a sauke, a baza a tire a rufe da rariya har ya huce sarai. In aka rufe shi da zafinsa zai yi gumi, laimar da aka kora ta komo ke nan. Bayan ya huce a zuba a busasshen gwangwani ko kwalba mai murfi. A riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba da hannu ba. Dambun da ya bushe haka yakan yi mako 2 ko fiye da rani. Da damina ba ya kai haka, sai a riƙa duba shi, a sāke soya shi bayan 'yan kwanaki. In ya yi furfura a zubar.

Bari mu ɗan ratse a kan yaji, gama da ƙuli-ƙuli ake yinsa. A 1960 'yan tsakin talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, ba a san dalili ba. Da aka bincika sai aka tarar dusar gyaɗa ce da aka sayo daga Barazil, wadda ta yi fumfuna. Daga nan ne aka gano dafin da ake kira afulatoksin, wanda ke lalata hantar tsuntsu da ta mutum, wuta kuwa ba ta kashe shi. Gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, a tsince ta a fitar. Kada a yi ƙuli da ita, kada kuma a ce bari a watsa wa talo-talo, gama yana cikin tsuntsayen da dafin nan ya fi yi wa illa.

AIKIN SAFE: WAINA

Wainar fulawa, wadda yara ke kira 'yar lallaɓa, ita ce ta fi dacewa da naɗi, in an yi ta da faɗi ba kauri. Domin guda 10, a auna fulawa gwangwanin madara 5, gishiri kaɗan, albasa ɗaya da attarugu 2 a jajjaga su lilis. In akwai garin zogale da aka shanya a inuwa, a zuba cokali 2. A dama da ruwa mai tsabta kimanin gwangwani 6, har ƙullun ya yi ruwa-ruwa kamar koko marar kauri, ba gudaji. A bar shi ya huta minti 15. Wanda ya noma alkama da rani sai ya kai tasa inji, ya tankaɗe, ba sai ya sayi fulawa ba. Ta fi ƙosarwa ma, sai dai ta fi shan ruwa. Ana iya sa garin shinkafa ya maye kashi ɗaya cikin uku, amma in ya wuce haka wainar za ta kakkarye wajen naɗi. Ƙwai yana sa ta laushi, da hunturu a fasa 2 a ciki. Da bazara a bar shi.

A shafa mai kaɗan a kasko, manja ko man gyaɗa, ko man shanu in an samu wurin matan Fulani. A zuba ludayi ɗaya, a karkata kaskon ƙullun ya bazu. In gefen ya ɗago a juya. Kowace ɗaya minti 2 ko 3 ne, goma kuwa rabin awa. A bari ta gasu sosai a kowane gefe. A shimfiɗa su a faifai su sha iska tukuna, sa'an nan a jera a kwano mai murfi da tsumma mai tsabta a ƙasa.

Wanda ba shi da lokacin wannan, gurasa ta yi, ta ma fi jure ajiya. A tsaga ta a cusa. Burodi ma haka. Sinasir yana da daɗi, shinkafarsa kuwa tamu ce, amma ba ya naɗuwa, sai dai a ninka shi biyu, yana kuma da laima, saboda haka na gonar kusa da gida ne.

A GINDIN ITACE

Ga kayan da za su tafi gona: kwanon waina, gwangwanin dambu, ƙullin yaji, albasa da tumatir da lemun tsami ba a yanka ba, wuƙa, sabulu, ganyen ayaba da aka wanke aka ɗan kara a wuta don ya yi laushi, da jarkar ruwan sha. A ajiye su a inuwa, a rataye, nesa da buhun taki da tankin feshi.

Me ya sa ba za a yanka tumatir a gida ba? Domin ɓawonsa shi ne murfinsa. Da zarar an yanka, ruwansa ya fita, ƙidayar nan ta minti 20 ta soma. Haka kwaɗon zogale ko na rama: abinci ne mai kyau ƙwarai, amma dafaffe ne mai laima. A sa shi a naɗi in za a ci cikin awa 2, in ba haka ba a bar shi sai dare. Latas da kabeji kuwa, a tuna da irin ruwan da ake ba su a lambu. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, Jihar Kebbi ma tana cikin wuraren da ya taɓa. In ba a da ruwa mai tsabta isasshe da za a wanke ganye ɗaya-ɗaya, a haƙura da su. Albasa ta wadatar, ana ɓare ta, ga ta kuwa a yalwace daga Aliero.

In lokacin ci ya yi, mutum ɗaya ne zai yi naɗi. Ba lalle mace ba. Ya wanke hannu da sabulu da ruwan jarka, ba ruwan kwalbati ko na kunyar shinkafa ba. Wanda ya yi feshi a ranar kada ya zama shi ne. Ya wanke tumatir, ya yanka shi da albasa sirara. Ya shimfiɗa waina a kan ganyen ayaba, ya zuba dambu cokali 3 manya a tsaye a tsakiya, ya bar wuri kamar faɗin yatsa 3 a ƙasa. Ya jera albasa da tumatir a kai, ya barbaɗa yaji, ya matsa lemun tsami. Sa'an nan ya ninko ƙasan sama, ya jawo gefe ɗaya ya rufe, ya mirgina ya matse, ya naɗe rabin ƙasa da ganyen. Shi ke nan. Wanda hannunsa ya saba yakan yi goma kafin a gama gaisawa. Kada a cika shi da yawa, zai fashe.

Amfanin ganyen nan ya fi yadda ake zato. Kowa ya wanke hannunsa, wannan dole ne, amma mun san hannun mai dashe: laka a ƙarƙashin farce, taki a tsagar fata. A kwanon tuwo hannu goma ke shiga miya ɗaya. A naɗi kuwa hannu ganye yake riƙe, baki ne kaɗai ke taɓa abinci. Kada a musanya ganyen da tsohuwar jarida ko takardar siminti, gama tawada da ƙura sukan bi mai su shiga abinci.

A cikin naɗi ɗaya an sami iri uku na abinci da muka sha koyarwa: mai ba da ƙarfi, watau waina da mai, mai gina jiki, watau nama da ƙuli, mai tsare jiki daga cuta, watau albasa da tumatir da zogale da lemun tsami. Biyu sun ishi babban mutum, in ya bi da ruwa ko fura. Abin da aka riga aka naɗe bai ciwu ba, kada a komo da shi gida a ba yara da yamma. A raba shi a cinye a wurin. Dambun da ya rage a gwangwani shi ne ke komawa gida.

In duk da haka wani ya kamu da gudawa, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In akwai ƙullin da ake bayarwa a asibiti, ya fi. In akwai jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko kuwa ƙaramin yaro ne, a kai shi asibiti, kada a jira gari ya waye.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

A ƙiyasinmu talo-talo mai kilo 6 zai ba da dambun naɗi kimanin 30, watau abincin 'yan gayya 15 a rana ɗaya, ko na gida mai ma'aikata 3 har kwana 5. Gidan da ba shi da talo-talo ba a bar shi a baya ba. A yi watanda: gida huɗu su haɗa kuɗi su sayi ɗaya daga wurin ɗan ƙungiya, a soya dambun wuri ɗaya, a raba da gwangwani. An rage itace, an rage mai, kuɗin kuma bai fita daga ƙungiya ba. Da kaza ko zabo ma ana yin haka, sai dai ba su auki kamarsa. Ƙungiyar da hannunta ya faɗa tana iya duban kasuwa kuma: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ɗalibai kuwa ba su rabuwa da neman abin da za su ajiye a ɗaki ba firji. Amma a fara ciyar da gida tukuna.

Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta gwada sau ɗaya. Magatakarda ya rubuta nauyin tsuntsun kafin yanka, da gwangwanin dambu nawa aka samu, da naɗi nawa ya yi, da kuɗin mai da fulawa da itace. A ajiye gwangwani ɗaya a rufe, a riƙa buɗe shi bayan kowane kwana 3 a ga yadda yake. A taron sai a tattauna waɗannan:

Awa nawa mata da 'yan mata na ƙungiyarmu ke ɓatarwa a mako wajen kai abinci gona, me kuma za su yi da lokacin in an sauƙaƙe musu?

Talo-talo nawa ne a gidajenmu yanzu suke cin hatsi ba su ƙara nauyi, ba su kuwa yin ƙwai?

Wa zai ɗauki nauyin sabulu da jarkar ruwa ranar gayya, mai gona ko ƙungiya?